Sunan Ɗiyar Fari

Takardar haihuwa, hotuna huɗu, sakamakon firamare cikin leda, gorar ruwa, da takalmin da ba za a sa ba sai an sauka. Abin da Asiya ta rungumo ke nan a motar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Ɗiyarta na gefe tana kallon fadamun shinkafa.

Yarinyar ta ci jarrabawar shiga wata makarantar kuɗi ta kwana a unguwar Gesse. Saura ganawa da iyaye, don makarantar ba ta ɗaukar yaro sai ta ji daga bakin gidansu. Gurbi uku ya rage, yara goma sha ɗaya. Da maigidan na da rai, shi zai zo. Bara ya rasu.

A baranda iyaye na zaune biyu-biyu. Asiya ta sami ƙarshen benci.

Da aka kira ta, aka ce yarinyar ta jira a waje. Mutum biyu ne a ofis: shugabar makaranta, Malama Ajoke, Bayarabiya haifaffiyar garin, da Malam Ja'afar, wanda ya dawo daga karatu a ƙasar waje da takardar tambayoyinsa.

"Hajiya, sunan yarinyar?" in ji Ja'afar.

Asiya ta tura masa takardar haihuwa.

"Na gani. Daga bakinki nake son ji."

"Yana nan rubuce, Malam."

Ya yi wata alama da biro. "To, faɗa mana abu uku da kike alfahari da su game da ita."

Asiya ta san talatin. Yarinyar ce ke karanta wa ubanta ƙa'idar magani lokacin jinya, ba ta taɓa kuskure awa ba. Amma ɗiyar fari ce. Shekara goma sha biyu Asiya ba ta kama sunanta ba, "ke" take cewa, kamar yadda tata uwar ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Asiya ba. Balle ta zauna gaban baƙi tana yabo.

"Yara ai duk ɗaya ne," ta ce.

"Ba abin da ta iya?"

"Ba ta da laifi dai."

Malama Ajoke ta yi dariya. "Malam, ɗiyar fari ta! Sanyin Turai ya mantar da kai? Ni da iyayena sunka zo cin arziki na san wagga."

"Ban manta ba, Malama. Ni ma ɗan fari ne." Bai ɗago kai ba. "Shekara tara ina can. In an ba uwata waya, sai ta ce a gaida mutanen wurin. Yarinyar da za mu riƙe wata uku ba ta ga gida ba, ina son in san akwai mai kiran sunanta."

Malama Ajoke ta juyo wajen Asiya.

"Hajiya, ba baffa ko gwaggo da za ki turo ya yi magana?" Ajoke ta tambaya a hankali.

Asiya ta lissafa dangin mijin da ke Augie. Rabonta da su tun sadakar arba'in.

"Babu kowa."

"To, ki dawo Alhamis. Ranar za mu rufe."

A mota yarinyar ta yi barci a kafaɗarta. Asiya ta motsa leɓe, ta gwada harafin farko na sunan, ta kasa fitar da shi. Ta dubi fasinjoji. Ba mai kallonta.

Sun isa gida ana kiran la'asar. A tsakar gida yarinyar ta ce, "Inna, mi sunka ce? Ban ci ba ko?"

"Je ki ɗora ruwa."

Asiya ta shiga ɗaki, ta tura ƙyaure ya rufu. Daga ciki ta ɗaga murya.

"Alhamis za mu koma. Ni zan yi maganar."