Ledar Kujerar Hansatu

Daren jiya, bayan na haɗiyi maganin hawan jini na kwanta, na yi wani mafarki wanda ba na bukatar kowa ya fassara mini.

Na ga kaina a wani gari da ban sani ba, da rana tsaka, ina tura motata da hannu. Motar dai ita ce tawa ta zahiri: ja, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, irin wadda aka ƙera don gudu kawai. Na saye ta shekarar da na yi ritaya daga aikin ɗakin karatu, kuma a shekara tara ban taɓa wuce gudun arba'in da ita ba. Kujerar gefen direba na nan cikin ledar da ta zo da ita daga kamfani. A garin kowa tura motarsa yake yi, saboda haka babu wanda ya dube ni. Ana yayyafi, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama, mutane na tafe da lema a juye tsakanin ƙafafunsu.

A bakin titi na tarar da Hansatu, matata, wadda ta rasu shekara uku ke nan. Tana zaune a kan akwatinta tana ɓare gyaɗa. Ba ta yi kama da mamaciya ba. Ta yi kama da mai jira, wato yadda na fi saninta.

Ta ce, "Malam, yau dai za ka kai ni garinmu Rano a jar motar?"

Na ce, "Zan kai ki. Bari in fara samun makarantar da ta dace. Irin wannan mota ba a tuƙa ta da ka."

"Haka ka ce tun ranar da ka saye ta." Ta nuna ƙasa da haɓa. "Ga inuwata nan. Da ta kai tsawona zan tashi. Yanzu ba a ba ni lokaci da yawa."

Inuwar ba ta fi faifai ba. Na ga da sauran rana. Na zaro takarda da rula daga aljihu na ja layuka, gida uku, don makarantun koyon gudu uku ne a garin. Wannan ɓangaren ba baƙon abu ba ne. A gida ma akwai durowa guda cike da irin waɗannan takardu.

Makaranta ta farko wani bunsuru ne shugabanta. Yana sanye da tabarau, ofishinsa har da fanka. Na cike fom na miƙa masa, ya karanta a tsanake, sannan ya cinye.

Ya ce, "An karɓe ka, Malam Haladu. Nan gudun baya muke koyarwa."

"Baya kawai?"

"Duk mai jar mota da ya haura sittin, baya yake son komawa. Mun san mutanenmu."

Ya kai ni filin. Dattawa ne cike, kowa ya waiwaya, suna sheƙa gudu da baya, furfurarsu na komawa baƙa. Wani ya yi baya har ya faɗa cikin ranar ɗaurin aurensa, ya watsa kujerun. Aka tafa masa.

Na ce, "Idan mutum yana son komawa shekara uku da 'yan watanni fa?"

"Muna kai shi har bakin ranar. Shiga cikinta ba ya cikin manhajarmu."

Na rubuta: fili mai kyau, malami na wari, manhaja ba ta cika ba.

Sai ga ni a kan rufin kasuwa. Nan ce makaranta ta biyu, wata zabuwa ce ke riƙe da ita, ana ce mata Hajiya. Darasinta shan kwana. An ɗaure motoci a turke kamar ragunan layya, raƙuma biyu na jan titin a ƙarƙashinsu kamar tabarma. Direbobin na murza sitiyari suna gumi.

Hajiya ta ce, "A nan motarka ba za ta ƙuje ba. Taya ba za ta ci ba. Ko ƙura ba za ta hau ta ba."

Ban taɓa jin maganar da ta kwanta mini a rai kamar wannan ba. Na ce, "To ina ake zuwa?"

"Zuwa kuma? Bawan Allah, mu takardar shaida muke bayarwa."

Ta nuna mini ɗalibinta mafi hazaƙa, wanda ya shekara talatin yana shan kwana ɗaya. Ya gaishe ni da ladabi. Fuskarsa ta yi mini kama da wani da na saba gani a madubi, amma ban tsaya bincike ba. Na ba makarantar maki mafi yawa.

Daga kan rufin na hango Hansatu. Inuwarta ta kai tsawon taɓarya. Ta ɗago hannu, ni ma na ɗaga mata takardata don ta ga ba zaune nake ba. Na ce a raina ba adalci ba ne a yanke hukunci ba a ga ta ukun ba. Ni mutum ne mai adalci. Kowa ya shaida, har a wurin zaman makoki an faɗa.

Ta ukun ba ta da allo, ba ta da fili. Wani tsohon mai faci ne, Maikano, a gindin dalbejiya, yana hura taya da baki. Shi kaɗai ne ɗan Adam da na ga yana koyarwa a garin, wannan ya sa na ɗan raina shi.

Ya ce, "Darasina ɗaya ne. Cire ledar nan, ɗauki mutum, taka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kai Malam, littafi huɗu na karanta a kan birki kawai."

"Ai ya nuna."

"Kujerar za ta yi datti."

"Za ta yi. Za a zuba mata ɓawon gyaɗa. Wata rana har kunu." Ya mayar da bakinsa kan taya.

Na san shi ke da gaskiya. Nan take na sani. Amma na zauna a kan wani tsohon rim na taya don in shigar da shi cikin takarda, saboda abin da aka fara da tsari da tsari ake gama shi. Gidan nasa a takardar ya zauna fanko: ba fili, ba manhaja, ba takardar shaida. Sai na lura layin tsakiya ya ɗan karkace. Na goge, na sake ja. Ya sake karkacewa. Na sake gogewa.

Da na ɗago kai, inuwar Hansatu ta kai tsawonta, ta ma miƙe tsaye ta ɗora akwatin a ka.

Na tura motar a guje har gabanta. Na buɗe ƙofa na kama ledar na yage, sai na tarar da wata a ƙarƙashi. Na yage ita ma, ga wata. Ledoji suka taru har gwiwata, yayyafi na ɗauke su zuwa sama ɗaya bayan ɗaya.

Hansatu ta ce, "Bar ta, Malam. Ba kai ka ce sai ranar da aka shirya za a cire ba?" Babu gori a muryarta, kuma da akwai da ya fi mini sauƙi. "Wacce ce ta ci a cikin makarantun?"

"Ta ukun."

"Na san ta. Ai kullum a ƙofar gidanmu take."

Ta zuba mini ɓararriyar gyaɗa a tafin hannu, ta gyara mayafinta, ta kama hanyar Rano a ƙafa, inuwarta na biye da kaya.

Na shiga motar na murɗa makulli. Karo na farko a rayuwata na taka totur har ƙasa. Allurar ma'aunin gudu ta wuce ɗari, ta wuce ɗari biyu, itatuwa suka zama zare. Hansatu kuwa tafiyarta take yi a hankali, irin ta mai ciwon gwiwa, tana ƙara nisa. Na yi ta kiran sunanta, injin na danne muryata, yana ruri, yana ruri.

Ashe injin markaɗen Uwale maƙwabciyata ne ya tashe ni. Waken ƙosai take niƙawa, kamar kowace asuba.

Na duba tafin hannuna, babu komai. Bayan na idar da salla na fita tsakar gida na ɗaga tamfol ɗin da ke kan motar, na buɗe ƙofar gefe. Ledar falle ɗaya ce. Da ɗan yatsa guda ta yage.