Igiyar Cibiya

A kulob ɗinmu na masu tashin ƙananan jiragen sama na rimot, can bayan gari kusa da gonar masara, ba wanda yake kirana Anselmo. Aku ake ce mini. Tun ina saurayi nake fere katako ina manna fikafikai da gam, kuma tun ranar da kulob ya sayi lasifika ba wanda ya sake taɓa makirfo in ina wurin. In jirginka ya tashi ni zan yabe shi, in ya faɗi ni zan yi masa jana'iza, kuma mutane sun fi son jana'izar. Akwai wani likitan haƙori da ya bar kulob saboda abin da na faɗa ranar da jirginsa ya shige ta tagar banɗaki. Har yau in na tuna sai na yi dariya.

Idona ne ya fara kawo mini tsiya. Ni dai na ce gajimare ne ya yi yawa a 'yan shekarun nan, likita ya ce yanar ido ce. Matata Nélida kuwa, maimakon ta rufa mini asiri, sai ta kwashe zancen ta kai wa shugaban kulob, Ovidio Ferrero. Tsohon mahauci ne, abokina tun muna firamare, kuma Tumbi nake ce masa saboda dalilin da yake riga shi shiga ɗaki.

Ya same ni a inuwar rumfa ina goge farfela. Ya zuba mate, shayin ganyen da muke sha a ƙasarmu, ya miƙo mini, abin da ba ya yi sai in da magana a bakinsa.

"Aku, kwamiti ya zauna a kanka."

"Wane kwamiti? Kai da surukinka da wancan kurman ma'ajin?"

"Mun ce daga yanzu sai dai ka tashi da cibiya."

Cibiya ita ce wayar da ake haɗa rimot ɗin ɗan koyo da na malaminsa. In ɗan koyo ya rikice, malam ya saki maɓalli ya karɓe jirgin. Rabin 'yan kulob ɗin nan ni na riƙe musu cibiya har suka iya, shi kansa Tumbi yana cikinsu.

Na ce, "Ni za a ɗaura wa cibiya kamar jariri? Ni da na koya maka inda dama take?"

"Makon jiya ka kusa yi wa matar ma'aji aski."

"Iska ce."

"Iskar kai kaɗai take kaɗawa? Haba tsoho, akwai yara a filin nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san da gaskiyarsa. Muka yi ta ja-in-ja har ruwan shayin ya huce, sannan muka ƙulla yarjejeniya. Bikin shekara na kulob yana tafe. In na tashi jirgina a gaban jama'a na sauke shi lafiya a gaban ƙafata, an bar zancen cibiya. In na kasa, ni da bakina zan nemi a ɗaura mini.

Kullum da Tagwaye ake buɗe bikin. Jirage ne guda biyu masu ruwan ɗorawa, nawa da na Tumbi, waɗanda muka ƙera daga zane ɗaya a wani hunturu da ya wuce. Bambancinsu kawai wani faci da ke fiffiken hagu na nawa, tsarabar wata gaisuwa da ya yi da shingen waya. Yadda muke yi shi ne, ni ina tuƙi ina sanar da abin da za a yi ta lasifika, shi kuma ya ji ya bi, sai jiragen su yi tare. Mutane suna zaton sihiri ne, alhali bakina ne kawai.

Ranar ta zo, fili ya cika da motocin akori-kura daga garuruwan maƙwabta. Hayaƙin gashin nama ya tashi, yara suna yawo da tsiran alade a cikin burodi, mata sun baje kujeru suna zagaya shayi. Nélida ta tsaya a gefena tana riƙe mini makirfo a baki, don hannuwana biyu suna kan rimot. Fuskarta a ɗaure kamar wadda aka kawo asibiti.

"Jama'a, ku riƙe hulunanku! Ga Tagwaye nan, ɗaya a hannun gwani, ɗaya a hannun mahauci!"

Muka tashi tare, sumul. Muka zaga fili, na ce a hau sama, muka hau. A nan ne rana ta dalle mini ido. Komai ya zama fari fat, hawaye suka zubo, na yi ta ƙifta ido ina addu'a a zuci, bakina kuwa bai tsaya ba, yana ta tallar tsiren da ake sayarwa. Da ganina ya dawo sai ga ɗan ruwan ɗorawa daidai inda nake sa ran ganinsa. Na yi ajiyar zuciya na kama shi da ido.

"Alkafura!" na ce. Ya yi alkafura, zagayayya kamar bakin tulu.

"Mirgina!" Ya mirgina. Na ji kamar yana ɗan jinkirin amsa yatsuna, amma na ce tsufa ne, ni ma in Nélida ta kira ni sai na ɗan jima.

Can ta gefen idona, a saman gonar masara, na hango wani ɗigo yana tangaɗi kamar mashayi ya fito daga biki. Daɗi ya kama ni. Ga wanda ya ce ba na gani, shi ne jirgi ya ƙwace masa.

"Jama'a ku dubi jirgin Shugaba! Ya tafi duba ko masara ta nuna! Tumbi, wannan ba awon nama ba ne, cire yatsanka daga kan sikeli!"

Nélida ta ja mini riga. "Tsoho, tsaya ka ji."

"Tsohuwa, makirfo aka ba ki, ba shawara aka nema ba."

Lasifika ta watsa wannan har wurin masu gashi. Aka ɗan yi dariya, amma ba irin wadda na saba karɓa ba. Sai muka ji ƙum daga nesa, tsuntsaye suka tashi daga cikin masara. Abin nema ya samu. Na gyara murya na yi wa mamacin jana'iza mai kyau. Na ce jirgi ne mai haƙuri, ya rayu a hannun mahauci ya mutu a hannun mahauci, kuma da ma duk abin da ya shiga hannun Ovidio gunduwa-gunduwa yake fita. Fili ya yi tsit. Na ce a raina, tausayin Shugaba suke ji.

Girman kai ya ɗebe ni. Na sanar da abin da na yi shekaru ban gwada ba, wato wucewa ƙasa-ƙasa a rigingine. Nélida ta ce, "Wayyo Allah." Jirgin ya juye ya shara ta gabanmu, wutsiyarsa tana kusan shafar ciyawa, ya miƙe ya hau sama. Wallahi a wannan lokacin na ji farin cikin da rabona da shi tun ina yaro. Na ji idona garau, hannuna daram, na ji duk likitocin duniya maƙaryata ne.

Na ce a sauka. Ya sauka kamar an shimfiɗa mayafi, ya gangaro a hankali har gaban takalmina. Injin ya mutu kafin in kashe shi. Wannan ya ɗan ba ni mamaki. Na durƙusa na shafa fiffiken hagu yadda na saba, sai na ji shi santsi, babu faci.

Na ɗago kai. Tumbi yana tsaye a gefena da rimot a hannu, gumi ya jiƙa masa riga, yana kallon sama kamar mai neman ruwa. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ɗauki abinka mu tafi, Aku. Ba wanda zai ce komai."

Aka fara tafi. Ni kuwa na san tafi kala-kala, sana'ata ce. Wannan irin wanda ake yi wa tsohuwa ne in ta tashi rawa a biki. Kowa a filin ya ga abin da ya faru, har yaran da ke cin burodi, ni kaɗai ne ban gani ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In na ɗauki jirgin nan, to na ci yarjejeniya, kuma har in mutu haka za su riƙa tafa mini.

Na karɓi makirfo daga hannun Nélida.

"Jama'a, gyara kaɗan. Mamacin da na yi wa jana'iza ɗazu nawa ne. Duk abin da na faɗa a kan direbansa yana nan daram, sunan kawai za ku canza."

Sai fili ya ɓarke da dariya ta gaske, irin wadda take sa mutum ya riƙe ciki. Ma'aji, da bai ji komai ba, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Ni da Tumbi muka ɗauki baƙar leda muka shiga gona neman gawa. Masara ta fi mu tsayi, ganyenta ya bushe ya zama ruwan ɗorawa ko'ina. Yana gaba yana haki, ina biye ina yi masa bayanin yadda rana ta cuce ni. Can ya tsaya. Na ce masa ya ci gaba, ba hutu muka zo yi ba. Bai motsa ba. Na duba dama, na duba hagu, ban ga komai ba sai ganye.

"To ina yake?"

"Kana tsaye a kan wutsiyarsa."

Muka tsince shi gutsure-gutsure, shi yana nuna mini ni ina ɗauka. Na ɗaure bakin ledar na ce, "Ranar Lahadi ka zo da cibiyar. Kuma kai za ka riƙe, ba surukinka ba."

Ya ce, "To."

Da muka juya za mu fita, ƙafata ta sarƙe da kara, ya kama gwiwar hannuna. Mun wuce wurin bai saki ba. Na buɗe baki in ce masa ni ba makaho ba ne, sai na fasa, muka tafi a haka har bakin fili.