Furar Juma'a

"Ka daina zare mini ido, Tukur, ba ni da lafiya," in ji Maiwada. "Dubiya ka zo ko shari'a?"

"Duka biyun," na ce. "Yau Juma'a, Hansai tana tafe da furarta. Ka faɗa mata gaskiya tun kana da bakin faɗa."

Ya juyar da fuska bango yana dariyar nan tasa marar sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Yana kwance a zaurensa bisa tabarma, ƙafafu sun kumbura suntum. Shekarar fari ce, wadda gero ya ƙone a tsaye tun daga nan Gaya har Toranke. Ɗansa Ɗanladi mai tuƙa lori ya kai shi asibiti a Kano, suka ba shi ƙwayoyi suka ce a koma da shi gida. Duk wanda ya manyanta ya san abin da ake nufi da haka.

Ni da Maiwada katanga ɗaya ce tsakaninmu tun zamanin iyayenmu. Tare aka yi mana kaciya, tare muka tashi a karofi muna rini har hannuwanmu suka yi shuɗi. Ban taɓa cin haƙƙinsa ba. Shi kuwa ya fi shekara hamsin yana riƙe da abina.

A bayan karofinmu da akwai wata rijiya a gindin tsamiya. Wata ranar kasuwa manya duk sun watse, aka bar mu mu biyu muna motsa baban rini da muciya, lokacin ko gemu ba mu fara ba. Sai muka ji kukan yaro yana tasowa daga ƙarƙashin ƙasa. Hansai ce, 'yar mai furar unguwa, 'yar mitsitsiya da ita, ta je leƙe ta afka. Allah ya kiyaye rani ne, ruwa ya janye, taɓo ta tarar. Ni na ɗaura igiyar guga a ƙugu. Ni na fizgi wani turkudi da babana ya gama bugu don in goyo ta da shi. Ni na shiga. Maiwada yana sama, ya naɗa igiya a gungumen bakin rijiya yana sassauta mini, da zan fito kuma yana ja.

Da muka fito na dubi turkudin nan, na wani attajiri ne, ya yi kaca-kaca da taɓo. Na san hannun babana. Na miƙa wa Maiwada yarinya na ruga bayan gari ina neman inda zan wanke shi. Shi ya saɓa ta a kafaɗa ya kai wa uwarta, tafin hannunsa yana zubar da jini inda igiya ta yanke shi. Mutane suka ga yarinya, suka ga jini, suka gama hukunci. Ni kuwa dukan da na guda sai da na sha shi, bayan kwana kaɗan aka haɗa ni da kawuna muka tafi fataucin tufafi Nguru. Kafin in dawo har sunan ya zauna masa: Maiwada na Rijiya. Uwar Hansai ta ɗauki alwashin ƙwaryar fura kowace Juma'a muddin ransa. Da ta rasu Hansai ta gaji alwashin. Ko lokacin da take aure a Gafasa ba ta fasa aikowa ba, da mijin ya rasu ta dawo unguwa sai ta riƙa kawowa da kanta. Kuma ta ƙofar gidana ake wucewa da ita.

Kada wani ya ce fura nake kwaɗayi. Gidana ba a taɓa rasa nono ba.

Na taɓa yin magana sau ɗaya a majalisa, muna magidanta. Aka kwashe da dariya, wani ya ce, "To kai ina naka tabon?" Duk mai hankali ya san wanda ya riƙe igiya shi take ci a hannu, wanda ya shiga kuwa a ƙugu take cinsa. Nawa yana nan har yau, amma dattijo ba ya ɗage riga a bainar jama'a don a yarda da shi. Maiwada yana zaune a wurin, bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai murza tafin hannu yake yi yana kallon ƙasa.

Da farko iyakarsa ke nan, shiru. Tsufa ne ya buɗe masa baki. Karofi ya mutu tun da atamfar kanti ta cika kasuwa, ramukan suka zama juji. Da aka zo fasa hanyar mota aka sare tsamiyar, aka cike rijiyar, aka haƙa ta siminti can wajen makaranta. A daidai kan tsohuwar rijiyar lorin Ɗanladi yake tsayawa yanzu. Inda muke kamun fara muna yara gidajen kwano ne, cike da baƙi, ma'aikata da malaman makaranta da 'yan Ajingi da suka biyo kasuwa. Duk wanda yake son jin yadda unguwa take a da, wajen Maiwada ake tura shi, kamar ni jiya na sauka daga mota. Ya zauna a dakali ya buɗe musu tafin hannu, ya ba su labarin sanyin ƙasan rijiya, da yadda sama take komawa kamar bakin tulu in ka ɗaga kai. A bakina ya ji duk wannan. Har kwaɗon da ya ɗare mini wuya sai da ya mayar nasa. Waɗanda suka san mu muna samari duk suna maƙabarta. Shaidata ɗaya ce a duniya, ga ta kwance ƙafafu a kumbure.

"Salamu alaikum. Baba, an tashi lafiya? Yaya ƙarfin jikin?"

Hansai ce. Ta durƙusa da ƙyar, don ita ma tsufa ya kama ta, ta aurar da jikoki. Ta sauke ƙwarya, ta gyara faifan da ta rufe ta da shi, ta kore masa ƙuda. Sai da ta gama da shi tsaf sannan ta waiwayo.

"A'a, Malam Tukur, ashe kana nan. Ina kwana?"

Shi Baba, ni Malam Tukur. Na amsa mata a taƙaice.

"Hansai, zauna," in ji Maiwada. "Ranar nan ta rijiya, kina tuna wani abu?"

"Me zan tuna, Baba, ina ƙanƙanuwa? Duhu kawai da sanyi. Sai warin baba a bayan wanda ya goyo ni, shi kam har gobe in na ji shi sai gabana ya faɗi."

Bayana ne take faɗa.

"To ranar nan ba ni kaɗai ba ne," ya ce. "Tukur yana wurin."

"Allah sarki!" Ta juyo ta dube ni sosai, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba. "Ashe shi ya riƙe maka igiya? Kai, Malam Tukur, shekara da shekaru ba ka taɓa faɗa ba! Allah ya saka da alheri. Ai riƙon igiya ma aiki ne."

Na dubi Maiwada ina jira ya gyara mata. Ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, sai tari ya turnuƙe shi. Ban sani ba ko na gaske ne ko na gudun magana, don mutumin nan tun muna yara ya iya tari in an zo rabon aiki. Matarsa Hure ta fito da ruwa a moɗa, Hansai ta tallafe masa kai.

"Hansai, ki tsaya ki ji," na ce.

"Malam Tukur, a bar shi ya huta mana. Ba ka ganin halin da yake ciki?"

Da matan suka shige cikin gida na matsa kusa da shi.

"Ka ji kunya, Maiwada. Ƙafarka ɗaya a kabari kana riƙe da kayan mutane."

"Na yi niyya, wallahi," ya ce, muryar ta dushe. "Na dubi fuskarta na kasa. Mace ta tsufa tana kiranka Baba, rana ɗaya ka ce mata ta yi ɓatan kai?"

"Ba tausayinta ka ji ba. Sunan ne ba ka so ka saki."

"Har da shi," ya ce, ko gardama bai yi ba. "Kai ka ga Nguru, ka hau jirgin ƙasa, ka dawo da keke muna bin ka da kallo. 'Ya'yanka maza sun cika gida, ni guda ɗaya tal. Ban taɓa wuce Wudil ba sai da ciwo ya kai ni Kano a kwance. Me nake da shi in ba rijiyar nan ba? Ita ma sun cike ta."

"Ba taka ba ce."

"Da na saki igiyar fa, Tukur?"

"Da ka saki da Allah ya tambaye ka."

Ya sake dariyar kafaɗun nan. "Ka ba ni Juma'a ɗaya. In ta zo zan faɗa mata, kana zaune."

Na tashi na fita, ko Allah ya sawwaƙe ban ce masa ba.

Bai kai Juma'ar ba. Ranar Talata da hantsi ina ba awaki dusa na ji kukan Hure ta kan katanga. Na tsaya da ƙwaryar dusa a hannu, kuma Allah ya sani abin da ya fara zuwa raina shi ne, ya gudu da maganata. Jim kaɗan Ɗanladi ya yi sallama, idanunsa jajur, ya durƙusa.

"Baba, sai haƙuri. Ya bar wasiyya, kai za ka yi masa wanka."

Ni da Liman muka shiga, yana zuba ruwa ina wankewa. Da na zo kan hannun dama na buɗe shi. Shekara da shekaru ina ganin tabon nan daga nesa ana nuna wa baƙi, ina kau da kai, ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Ya faro daga gindin babban yatsa ya ratsa tafin har gefe, ya yi zurfi, ya taurare kamar majanyin jaki. Yatsu biyu na ƙarshe a lanƙwashe suke, na yi na yi su miƙe suka ƙi. Na hagun ma haka. Na tuna ko lokacin da muke rini baba ba ya kama wurin, hannu shuɗi, layi fari a tsakiya. Na kuma tuna muna tsakar fitowa ƙafata ta zame daga bangon rijiya, ni da yarinyar muka yi ƙasa kamar tsawon gaba guda, sai na ji an tsayar da mu cak har igiya ta shige mini ƙugu. Yaro ne lokacin, ban kai shi tsawo ba amma na fi shi nauyi. Na daɗe a kan hannun nan har Liman ya yi gyaran murya.

Amma dai ni na shiga. Wannan ba abin da zai canja shi.

Wajen zaman makoki zaure ya cika har waje, rabin mutanen ban san iyayensu ba. Wani malamin makaranta, yaro da shi, wanda bai fi shekara biyu a unguwa ba, shi ya kama ba da labarin rijiya, har da kwaɗon. Jama'a suna ta "Allahu akbar, mazan jiya." Ɗanladi yana share ido da hular da ke hannunsa, yana gyaɗa kai. Na yunƙura zan yi magana. Na duba hagu na duba dama, wanda zai gaskata ni mun baro shi a maƙabarta. Na ɗauki goro na ɓara.

Ranar Juma'a ina zaune a dakalina na hango Hansai tafe da ƙwarya a ka. Ta wuce ni kamar kullum har ta kai ƙofar Maiwada, ta tsaya tana kallon zauren, sannan ta juyo ta dawo. Ta durƙusa ta sauke ƙwaryar a gabana.

"Malam Tukur, Baba ya bar mini saƙo a wajen Hure. Ya ce kada in fasa, in riƙa kawo maka."

"Ya ce miki don me?"

"Cewa kawai ya yi taka ce. Ai na gane, kai ne amininsa, ba shi da kamarka. Ka sha, Allah ya kai masa ladan."

"Hansai."

"Na'am?"

Ta ɗago tana jira, idanunta sun kumbura don kuka.

"Ki gai da gida," na ce.

Ta dafa ƙasa ta miƙe ta tafi. Na ɗaga faifan. An dama ta da kauri, nono mai tsami, citta da barkono har suna hawa hanci, yadda Maiwada yake so. Ni cikina ba ya ɗaukar yaji, kowa a gidana ya sani. Can tsallaken hanya lorin Ɗanladi yana tsaye a kan rijiyar, baƙin mai yana ɗiga a ƙasa. Na matsar da ƙwaryar tsakiyar dakali, tsakanina da inda Maiwada ya saba zama, na ɗauki ludayi.