Abin da Hajo Ta Ji

"Kama ƙafafun, mu juya ta gabas," in ji Ya Kaka.

Hajo ta kama, amma ba ta ɗaga ba. Ƙafafun Inna Asibi sun yi sanyi, ba nauyi, kamar busasshen kara. Hantsi ne, zafin bazara ya riga ya cika tsakar gida. Ɗakin kuwa duhu, sai warin daddawa da ya kama bango tun shekarun da tsohuwar ke sayarwa.

"Ku bar ni yadda nake," Asibi ta ce, ido a rufe. "Wanda nake jira ya san hanyar ɗakin nan."

"Kin ji ta ko?" Ya Kaka ta saki kafaɗar da ta riƙe. "Rai a maƙogwaro, baki yana nan da ƙarfinsa."

Ya Kaka Babarbariya ce, ita ke wankan gawar mata a unguwar tun kafin a kawo Hajo gidan miji. Asibi kuwa ba 'yar birni ba ce. Bamagujiya ce daga ƙasar Rano. Ita ta goyi Malam Giɗaɗo, mijin Hajo, lokacin da mahaifinsa ke kiwo a gefen ƙauyensu, uwarsa ta rasu a jego. Addinin Almasihu ta shiga da girmanta, a asibitin 'yan mishan inda aka cire mata yanar ido. Da mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika, Giɗaɗo ya je ya ɗauko ta da tukwanenta, ya ba ta ɗaki a gidansa, nan kusa da Ƙofar Mazugal. Unguwa ta yi magana har ta gaji. Ran Lahadi takan yafa zane ta fita ta ƙofar gari, ta taka har majami'a a Sabon Gari, ta dawo da azahar ba ta ce wa kowa komai ba.

Ya Kaka ta ja Hajo waje, bakin murhu.

"Ke Bafulatana, yau ba tsokana na zo yi ba. Ba za ta kai la'asar ba. Ke kaɗai take jin maganarki. Ki zauna a kanta ki laƙanta mata kalmar shahada. In ta yi, da hannuna zan wanke ta, Liman ya sallace ta, a kai ta inda ake kai iyayenmu. In ba ta yi ba, ba wanka, ba makara, ba mai ɗauka. Sai dai mijinki ya je ya kwaso mutanen Sabon Gari har cikin birni. Kin san abin da aka yi tsakaninmu da su bara waccan."

Hajo ta sani. An yi jini, kuma har yanzu ba a gama hararar juna ba. Ga Malam yana aiki a ofishin En'e, hukumar Sarki, inda tuni wasu ke ce masa ɗan goyon arniya a bayan idonsa.

"In ta ƙi fa, Ya Kaka?"

"Mai mutuwa ba ya ƙi. Leɓe yake motsawa. Wa ke kusa da zai ji? Ke. Abin da kika fito kika faɗa, shi ke nan, ba mai sake tambaya."

Ta gyara mayafi ta fita, ta ce za ta dawo.

Hajo ta koma ɗakin da ruwa a moɗa. Ta jiƙa bakin zane ta goga wa tsohuwar a leɓe.

"Ta ba ki saƙo ko?" in ji Asibi.

"Inna..."

"Na ji. Babarbariya ba ta iya raɗa ba."

Hajo ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Asibin nan ce ta karɓi haihuwarta duka. Ita ta zauna da ita ranar da ƙyanda ta ɗauke mata ɗan fari, ba ta yi mata wa'azi ba, tuwo kawai ta tuƙa ta ajiye mata.

"Inna, tsoro nake ji miki. Ba don unguwa ba, wallahi. Ni ce nake tsoro. Ki faɗa, ko don ni."

Asibi ta lalubo hannunta.

"Matar ɗana, matso in gaya miki. Da na fara bin Yesu, roƙo kaɗai na iya. Ba ni ido, ba ni lafiya, ba ni ciniki. Kamar mai zuwa ɗiban wuta gidan maƙwabta: ta tsaya a bakin ƙofa, a zuba mata garwashi, ta juya." Ta huta, numfashinta yana ja. "Da ƙafa ta hana ni zuwa majami'a, na yi kuka. Na ce shi ke nan, na baro shi a Sabon Gari. Ashe ya riga ni zuwa ɗakin nan. Tun daga nan na rage roƙo. Zama muke yi. Wata rana ni ke magana. Wata rana ba mai cewa komai, kuma ban taɓa jin daɗin hira irin wannan ba."

Hajo ta san da wannan hirar. Kullum da sassafe takan jiyo ta in tana shara, murya ƙasa-ƙasa, har da ɗan dariya, kamar mai ba ƙawarta labari. Kuma ta ga abin da hirar ta yi wa tsohuwar. Da can Asibi masifaffiya ce, ba a taɓa ta a kwana lafiya. Ranar da akuyar Luba maƙwabciya ta cinye mata kalwar da ta shanya, sai da ta zage Luba tas har da kakanninta. Washegari aka gan ta a ƙofar Luba tana dogara sanda. "An ce in zo in ba ki haƙuri," ta ce. Luba ta ce wa ya ce. "Wanda ya hana ni sakat tun jiya," in ji Asibi.

"Yanzu da ya rage kaɗan in ga fuskarsa," tsohuwar ta ci gaba, "sai in juya masa baya? Ke za ki yi wa naki Ubangijin haka, don wani ya roƙe ki?"

Hajo ta girgiza kai.

"Ba zan yi ba."

"To kin gani. Jikin nan kuwa, ku yi yadda ya fi muku sauƙi. Kada Giɗaɗo ya sha kunya a kaina. Ya isa haka, yaron nan ya yi."

Aka kira azahar. Hajo ta yi alwala, ta shimfiɗa ɗankwali a bakin ƙofar ɗakin ta yi sallarta. Ta jima a sujada. Ba ta san abin da za ta roƙa ba, sai ta ce, Allah, kai ka san baiwarka.

Da ta sallame, numfashin ya canza. Ta matsa ta tallafi kan tsohuwar a cinyarta, ta kai kunne. Kalmar tana nan a bakin Hajo, ta haddace ta tun tana goye. Leɓen Asibi yana motsi.

"Yesu, kai ne? Shigo mana. Yau ba na iya tashi."

Ta ƙara wani abu da bai fito ba. Fuskarta ta saki, kamar wadda aka sauke wa kaya. Hajo ta jira numfashi na gaba. Bai zo ba.

Ta shafe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, ta ja zane ta rufe ta. Sa'an nan ta fito.

Tsakar gida ta cika da matan unguwa, sun jeru a inuwar katanga. An aika wa Malam Giɗaɗo, ya baro ofis, yana tsaye a bakin zaure da hularsa a karkace. Hajo ta yi salati, mata suka amsa.

"Ta yi?" in ji Ya Kaka.

Hajo ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai, yana kallon takalminsa. Ta ga yadda abin zai kasance in ta ce ta yi: a ɗauko makara daga masallaci, maza su yi sahu a ƙofar gida, gobe a yi wa Malam barka a ofis, a ce ashe ladan riƙon tsohuwa bai faɗi ƙasa ba. Ita kanta Asibi ta ce a yi abin da ya fi sauƙi. Ya Kaka tana gyaɗa mata kai a hankali, tana taya ta.

"Ba ta yi ba," Hajo ta ce. "Yesunta ta kira. Da shi a bakinta ta tafi."

Wata ta ja tsaki. Wata ta miƙe ta sa takalmi, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, suna raɓa Malam a zaure. Luba ce ta ƙarshe, tana share ido da gefen mayafi.

"Taurin kai irin na shanunku," in ji Ya Kaka. "Na buɗe miki hanya, kin toshe."

"Abin da na ji ke nan, Ya Kaka."

Malam Giɗaɗo ya ɗago kai. Hajo ta yi zaton faɗa zai yi. Ya dube ta, dubawa mai tsawo, sa'an nan ya jawo kekensa daga jikin bango.

"Zan je in kira Haruna," ya ce. Haruna shi ne mai bisharar da ke leƙo tsohuwar tun da ta kwanta. "Ki ɗora ruwa."

Ruwa ya yi ɗumi. Hajo ta kai ƙwarya ɗakin ta durƙusa. Ba ta taɓa wanke gawa ba.

Inuwa ta tare hasken ƙofa. Ya Kaka ce. Ta zauna a dokin ƙofa, ta ba ɗakin baya, fuskarta na kallon tsakar gida.

"Ni dai na ce ba zan taɓa ta ba, kuma ba zan taɓa ba," ta ce. "Kin sa ganyen magarya?"

"A'a."

"Ungo." Ta miƙo ƙulli ta bayanta, ba ta waiwayo ba. "Ki murza a ruwan. Ki fara da dama. A hankali, ke, ba tukunya kike wankewa ba. Ki tsefe mata kai, ba ta son ƙazanta."

Haka suka yi har aka gama, ɗaya na faɗa, ɗaya na yi.

Bayan la'asar Malam ya dawo da Haruna da wasu dattawa biyu, sun sha tafiya, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Suka yi addu'arsu a tsaye, ba ɗaga murya. Ba makara, akwatin gawar kuma yana jira a Sabon Gari. Malam ya dubi ƙyauren ɗakin Asibi, ya sa kafaɗa ya ɗaga shi daga mazauninsa, suka shimfiɗa ta a kai. Mutum uku ba su isa kusurwa huɗu ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Hajo, ya durƙusa ya ɗauki ta huɗun.

Hajo ta bi su har ƙarshen zaure, inda iyakarta take. Ta jiyo hirar mazan da ke zaune a dakali ta yanke. Ta jiyo takun ƙafa yana nisa, ya nufi ƙofar gari.

Ta dawo ciki da rigar a hannu. Rana ta karkata, haskenta ya shiga ɗakin da ba ƙyaure, ya kwanta a daɓen da bai gama bushewa ba, har can ƙuryar bango.