Kujerar da Aka Auna a Jikina

Ranar da Baba ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Malama, ajiye littafin nan ki zo ki ara mini bayanki," na ɗauka wani laifi na yi. Baba ba ya kirana gareji. Guguwa yake kira, ƙanwata, wadda tun tana rarrafe take bin sa cikin ƙarafa, ta san girman kowace sifana tun kafin ta iya duba agogo. Ni kuwa Malama ce. Shi ya laƙaba mini sunan saboda kullum hancina yana cikin takarda, kuma ko ƙarar injin yankan ƙarfe na ji sai na toshe kunne.

Garejin a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da tsakar gida. Aikin Baba walda ne, ƙofofi da tagogi da gadaje. Amma can ƙurya akwai wata ƙaramar mota da ya sayo matacciya, ya daɗe yana tashinta saboda tseren da ake yi a wani fili a bayan gari, inda akwai rukunin matasa. Guguwa ce za ta tuƙa. Ba a taɓa zama an yanke haka ba, kowa dai ya sani. Umma ta yi faɗanta ta gaji, ta koma addu'a.

Na iske motar an yi mata tsirara. Babu kujeru, babu rediyo, babu ko shimfiɗar ƙasa, sai bututan ƙarfe da ya haɗa a ciki kamar keji.

"Kujerar da ta zo da ita ta masu zuwa biki ce," in ji Baba. "In an sha kwana da gudu, mutum zamewa yake yi kamar ƙwai a faranti. Wadda zan yi sai ta riƙe mutum kamar hannu. Ƙanwarki tana makarantar kwana, kuma hutunsu da tseren kusan tare za su zo. Ku kuma takalminku ɗaya, rigarku ɗaya. Zauna nan."

Na zauna a ƙasa a kan kwali, ya jingina wani kwalin a bayana, ya ɗauki alli ya fara bin gefen jikina. Daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa gwiwa. Hannunsa yana warin ƙarfe da hayaƙi. Na ƙi yin numfashi sosai don kada layin ya karkace.

Kawu Mai Fenti, wanda shagonsa ke kallon namu, ya tsallako yana goge hannu da tsumma.

"Au, walda ta daina ciniki ne ka koma tela?"

"Telan da ke ɗinki da wuta ba," in ji Baba. "Matsa, ka tare mini haske da tumbin nan."

"Malama, ki yi hattara. Mutumin nan ya taɓa auna mini ƙofa, har yau a karkace nake shiga gidana."

Na yi dariya, layin ya karkace, Baba ya goge da yawu ya sake. Bai yi faɗa ba.

Tun daga ranar, kullum na dawo daga makaranta sai na ji, "Malama ta dawo?" Ban taɓa jin ya tambayi dawowata ba sai a lokacin. Ya yanka kwalin, ya ɗora a kan fallen ƙarfe, ya fitar da mazauni da baya da fukafukai biyu da za su rungumi haƙarƙari. Ya matse fallen a bakin tebur ya lanƙwasa da gudumar katako. Ba ya haɗa walda gaba ɗaya, ɗigo-ɗigo yake yi, ya bari ya huce, ya ce in zauna.

"Ina yake cizon ki?"

"Babu ko'ina, Baba."

"Ƙarya. Na ga kin ɗage kafaɗa. A nan ba a kunya. In kin yi kara, ƙarfe ba zai yi miki ba."

Sai na koyi faɗa. Nan yana matsa mini. Nan akwai rami a bayana. Ya sa alli, ya yanke ɗigon, ya gyara. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ga ni ina ba Baba umarni yana bi. Ya huda ramuka a bayan kujerar don rage nauyi, ya bi bakinta da siririn rodi don kada ta yanki mutum. Ya ba ni gilashin walda, na ga yadda narkakken ƙarfe ke tafiya kamar ƙaramar rana a cikin duhu. Na daina toshe kunne. Wani littafi da na aro ya ƙare kwanakinsa a ƙarƙashin filo ban kai rabi ba.

Abu ɗaya ne yake ɓata mini. Duk lokacin da wani wuri ya zauna daidai, sai Baba ya ja da baya ya kalli kujerar, ni ina cikinta, ya ce, "Kai, Guguwa za ta ji daɗin nan."

Ran Lahadi Guguwa ta bugo wa Baba da wayar malamarsu. Ina wanke-wanke, ina jin sa a bakin ƙofa yana ba ta labari, muryarsa har rawa take yi don daɗi.

"Da kin ga kujerar nan! Kamar an zuba ki a ciki. A'a, yayarki na samu, ita ce mutum-mutumin awo. Ba ta motsi, ba ta surutu, ta fi ki sauƙin aiki."

Na ji dariyarta ta cikin wayar. Na goge tukunya ɗaya har ta fara nuna fuskata.

"Tukunyar ta yi miki laifi ne?" in ji Umma. "Wannan fuska kamar hadarin gabas."

"Babu komai."

"Babu komai ɗin nan dai ta kusa huda mini tukunya."

Da aka zo kan ƙafafun kujera, wato ƙarafan da za su ɗaure ta da ƙasan mota, Baba ya ce ba zai sa layin da ake ja gaba da baya ba. "Layi yana da wasa, abin da ke da wasa kuma shi ke karyewa ranar tsautsayi. Wuri ɗaya za ta tsaya, na mutum ɗaya." Ya ɗora kujerar a kan gutattakin katako a cikin motar, ya sa mini hular kwano, ya cusa tafin hannunsa tsakanin hular da bututun sama ya ga ya shige. Ya ce in taka kuloci har ƙasa ba tare da bayana ya bar kujera ba. In miƙa hannu, wuyan hannuna ya kwanta a saman sitiyari. Ya matsa katako, na sake takawa. Da ya gamsu, ya yanka ƙarafa masu kauri, ya yi musu walda, ya sa farantin ƙarfe ta ƙarƙashin mota, ya ɗaure da noti har jijiyar wuyansa ta fito.

Na mutum ɗaya. Na riƙe maganar nan na yi ta juya ta a raina. A lokacin, mutum ɗayan nan ni ce. Na sani sarai aro aka yi, amma sai na tsinci kaina ina fatan a ɗage hutu, ko motar makaranta ta lalace a hanya, sannan in yi istigifari, sannan in sake fatan.

Hutu bai ɗagu ba. Guguwa ta faɗo gida da akwatinta tana ihu, ta rungume ni, sai na ga ina ɗaga kai kafin in kalli idonta. Siket ɗin makarantarta ya haye, hannun rigarta ya tsaya a hanya.

"Innalillahi," in ji Umma. "Me suke ba ku a makarantar nan, taki?"

"Ƙwallon raga, Umma! Ni ce mai duka. Ina motata?"

Ko ruwa ba ta sha ba ta yi gareji. Na bi ta a baya, ban sani ba ko tsoro nake ji ko wani abin da ya fi tsoro muni. Baba ya yaye zanen da ya rufe kujerar. Ya sa an fesa mata baƙin fenti, ya manna siririn soso. Guguwa ta yi tsalle, ta kama bututu, ta zura ƙafa, ta zauna.

Ba ta kai ƙasa ba. Fukafukan suka kama kafaɗunta tun daga sama. Ta murɗa, ta danna, ta shige da ƙyar, gwiwoyinta suka tokari sitiyari. Da Baba ya sa mata hular kwano, hular ta daki bututu, ƙwal.

"Baba, wannan ai akwatin gawa ne."

"Rufe mana baki," in ji Umma daga ƙofa.

Kawu Mai Fenti ya leƙo ta taga. "Na faɗa muku. Tela ya ɗinka wa amarya rigar ƙawarta."

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon gwiwoyin nan. Ni kuwa wani daɗi ya taso mini tun daga ciki, mai zafi, har na sunkuyar da kai don kada a gani a fuskata.

"Fito," ya ce mata. "Babu lokacin sabuwa. Zan yanke ƙafafun in mayar da su baya, in sauke ta ƙasa. Fukafukan kuma a buɗe su da guduma." Ya juya ya ɗauko injin yanka, yana warware wayarsa.

Ban san lokacin da na shiga motar ba. Na dai ji bayana ya kwanta a inda aka yi dominsa, ƙafata ta sami kuloci ba tare da nema ba.

"Malama, fito, tartsatsi zai taɓa ki."

"Ba zan fito ba."

Muryar ta fito 'yar ƙarama, amma kowa ya ji. Baba ya dube ni kamar kujerar ce ta yi magana.

"Me kika ce?"

"Daidai take, Baba. Babu abin da ya same ta. Kai ka ce ta mutum ɗaya ce."

"Iko sai Allah," in ji Kawu. "Mutum-mutumi ya yi baki."

Guguwa ta sunkuyo ta tagar motar. Ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mamaki ne kawai, da 'yar dariya a gefen baki.

"Yaya, ke da ko keke ba kya hawa?" Ta zaro makulli daga ƙusa ta miƙo mini. "To ga shi. In taki ce, kai ta bakin ƙofa. Nan da can kawai. Wallahi in kin kai na bar miki."

Na kalli Baba. Bai ce a'a ba. Ya ajiye injin, ya janye wani bokiti daga gaban motar.

Na taka kuloci har ƙasa, wannan kam na iya. Na murɗa makulli. Motar ba ta da abin rage ƙara, ta yi wani ruri da ya shiga haƙorana, kwanon garejin ya ɗauka. Na tura giya inda na ga Guguwa tana turawa. Bakin ƙofa yana nan gabana, rana ta kwanta a kansa. Na ɗaga ƙafa.

Motar ta yi tsalle ɗaya kamar an tsikari akuya, ta mutu. Kujerar ta riƙe ni gam, ko gezau ban yi ba. Ko tsawon tabarma ba mu ci ba.

Kawu ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya mayar da ita tari.

"Sake gwadawa," in ji Guguwa a hankali. "A sannu ake ɗagawa."

Da ta yi mini dariya da na sake. Na zare makullin na ba ta, na kama bututu na fito. Na tsaya kusa da Baba ina kallon ɗaya gefen motar, inda babu komai sai ƙasan ƙarfe da ramukan tsofaffin noti.

"Baba, can gefen fa? Ba za a sa wata ba?"

Yana kwance notin farko, bai ɗago ba. "Can ba a sa komai. Nauyi ne kawai."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, na sani. Maganar mota yake yi.

Shi da Guguwa suka fito da kujerar suka kwantar da ita a kan tebur. Guguwa ta nuna masa inda ta cije ta, ya sa alli a wurin. Ya ɗauko babbar guduma, ya gwada bugu ɗaya, kujerar ta zame ta kusa faɗowa.

"Sai an riƙe. Guguwa, ke tsaya nan ki riƙa gwadawa. Malama, zo ki danne mini nan."

Umma ta ce, "Ka bar ta ta shiga ciki mana."

"Ita ta san kujerar," in ji Baba.

Na zo na sa hannu biyu na danne mazaunin. Fentin yana da santsi, da ɗumin jikin Guguwa ko nawa, ban sani ba. Ya ɗaga gudumar ya sauke a kan fiffiken dama, daidai inda kafaɗata take kwanciya. Bugun ya bi ta hannuna har cikin kunne. Fentin ya tsage, farin ƙarfe ya leƙo.

"Ƙara kaɗan, Baba," in ji Guguwa.

"Riƙe da kyau, Malama."

Na ƙara dannewa.