Notin Kan Keken Noraogo

Rasman na tsugune yana wanke hannu da kananzir sa'ad da tsoho Noraogo ya dawo daga zagaye na uku na gwajin keke, ya sauke ƙafa a gaban rumfar gyaran keke yana haki. Ya jima kafin bayansa ya miƙe.

"Kai Rasman, keke ka haɗa mini ko sujada kake koya mini? Hancina ya kusa taɓa taya."

"Baba, haka ake yayi yanzu. Dubi 'yan tsere."

"Tsere na ce maka zan yi? Gida za ni."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Kudugu, shekara ashirin ke nan. Wata biyu suka yi suna haɗa keken nan: tsohon ƙarfe mai ƙwari, sababbin giya, kariyar ɗaukar kaya gaba da baya don jarkar ruwa da tsaraba. Duk ƙarshen kaka Noraogo kan taka keke zuwa ƙauyensu can gaban Yako, ya zuba wa kakanni burkutun sabuwar dawa. Bana likita ya ce zuciyarsa ta kumbura. 'Yarsa Talato ta roƙe shi ya shiga mota, ya ce mai shekarunsa in an kai shi ƙauye a mota, to a kwance ake kai shi.

Sai ta zagayo wurin Rasman. Ba ta ce ya hana shi ba, don babu mai iyawa. Cewa ta yi ya gyara keken yadda tsohon zai gaji da kansa. Shi ya sa Rasman ya danna wuyan kan keken har ƙasa, ya ja sirdi baya, ya sunkuyar da hannuwan birki. A tunaninsa, kafin a fita gari ciwon baya zai dawo da shi.

Noraogo ya sauka, ya ɗora gwiwar hannunsa a hancin sirdi, ya miƙa yatsu wajen kan keken. Saura faɗin yatsa uku su taɓa.

"Ni na koya maka awon nan," ya ce a hankali.

Rasman bai ɗago ba. Ya ce wuyan ne ya cije da tsatsa, ba ya hawa sama, sai an aiko da wani wuyan daga Wagadugu, mako biyu ko uku. Tsohon ya dube shi, ya dubi ƙarfen da ke sheƙi da man giris, ya tura kekensa gida. Da yamma Rasman ya karɓo keken wai zai duba sarƙa, ya ƙara wa sifana tsawo da bututu, ya ɗaure notin wuyan da dukan ƙarfinsa, ya mayar masa.

Washegari da hantsi Talato ta dawo daga kasuwa ta tarar babu keke.

Da la'asar aka bugo waya. Wasu mata masu sayar da gyaɗa ne suka same shi a gindin kaɗanya, ya yi kusan rabin hanya, zaune, ya cire takalma. Sun ce tun da rana suka hango shi yana ta fama da kan keken, har ya tambaye su ko akwai bakanike kusa. Babu. Sun ɗauka hutawa yake yi.

A mota aka ƙarasa da gawarsa ƙauye.

Bayan kwana uku Talato ta turo keken rumfa, ta ce ba ta son ganinsa a tsakar gida.

"Ka yi iya ƙoƙarinka, Yaya. Taurin kansa ne."

Rasman ya ce haka ne. Da ta tafi ya buɗe jakar sirdi, ya ga ƙaramin sifanan tsohon, bakinsa ya wage. Kan notin kuwa duk ya dagargaje da dukan dutse.

Ya zauna a kan benci yana juya abin. Wataƙila da ya ɗaga kan, ƙirjin ya samu iska, da tsohon ya isa gida a kan ƙafarsa. Wataƙila kuma da a gindin wata bishiyar za a same shi, can gaba kaɗan. Babu wanda zai tambaya, kuma Talato ba za ta taɓa duba noti ba.

Wata mata ta tsaya da tayar da ta sace, ya ce ta dawo gobe. Ya tashi ya ɗauko sifanansa, ya ɗora a kan notin. Sifanan ya yi ta zagayawa, bai kama komai ba.