Lambar Yaya Tukur a Shafin Shago

Daren jiya mafarki ya kwashe ni ya zuba ni a cikin shafin intanet na shagonmu, har da takalmana.

Bari in faɗi abin da na kwanta da shi a rai. Mu kafintoci ne, ni da yayana Tukur, gadaje muke yi da kujeru. Tukur ne ya sa aka buɗe mana shafin, shi ke zuba hotuna, lambar wayarsa ce a can sama da manyan baƙaƙe. Watan jiya Allah ya yi masa rasuwa. Wayar tana hannun matarsa Balaraba, don ita kaɗai ce waya a ɗakinta, kuma kullum sai wani ya ga gado a shafin ya kira ya ce a ba shi Tukur. Mace tana takaba fa. Jiya ta yi mini magana ta bayan labule ta ce, "Sallau, don girman Allah ka cire lambar nan. Na gaji da gaya wa mutane." Na ce mata ta ɗauka an gama, abin da bai fi danna yatsa ba. Na wuni ina fama da manhajar da ake gyara shafin da ita, ko sifili ban cire ba.

To a mafarkin ga ni a ƙofar baya ta shafin, rana tsaka, garin katako yana tashi daga ƙasa yana zuba sama. Wata zabuwa ce a bakin ƙofa, da hular masu gadi.

"Kalmar sirri," in ji ta.

Na faɗa.

"Wannan ta bara ce. Kawo sabuwa, amma kada ta zama wadda za ka iya tunawa. Sannan ka tabbatar mini kai mutum ne."

"Baiwar Allah, ke zabuwa, ni kike tambaya?"

"Nuna duk inda ka ga keke."

Ta ɗaga labule, sai ga kasuwar garinmu an yanka ta gida-gida. Na nuna kekunan da na gani. Ta ce saura wanda mai shi ya riga ya hau ya tafi. Na buɗe baki zan zage ta, ta ce in wuce, ta gaji da ganina.

Ciki wani dogon zaure ne. Kujerunmu duk suna manne a bango kamar kalanda. Lambar Yaya tana rataye kusa da rufi, kowane baƙi ya kai girman ƙyaure. Na hango tsani, na nufe shi. Wani kunkuru sanye da falmaran ya tare ni.

"Dakata, ana sabuntawa."

"Me ake sabuntawa?"

"Inda komai yake."

Ƙasa ta yi gyatsa. Tsanin ya koma cikin wata durowa, durowar ta koma bayan wata ƙofa da aka rubuta wa "Sauran abubuwa". Gadonmu mafi kyau ya miƙe ya yi tsawon titi, kujerun suka juya ƙafafu sama.

"An gyara muku," in ji kunkurun.

"Wa ya ce muku ya lalace?"

"Ba wanda ya ce. Shi ya sa muka yi sauri."

Wallahi raina ya ɓaci. Na haƙura da tsanin, na taka kan kabad, na goge lambar da hannun rigata har ta fita tas. Na ce alhamdu lillahi. Na leƙa ta taga, wajen da masu saye suke tsayawa, sai ga lambar nan daram, wani mutum ma yana kwafarta a wayarsa. Wata saniya ce kwance a ƙofar gaba tana tuƙa, duk wanda ya zo sai ta dawo masa da tsohon shafin daga cikinta.

"Ke, na goge wannan!"

"A ciki ka goge," in ji ta. "Ni abin da na haɗiya shi nake nuna wa baƙi. Ka wallafa?"

Ban wallafa ba.

Sai ga ni a ɗakin jira. Duk abin da na taɓa rubutawa a shafin bai fita ba yana zaune a kan benci. Gaisuwar Sallar bara waccan har ta yi furfura. Ta matsa mini wuri ta ce, "Zauna, Sallau. Mu ma ce mana aka yi danna yatsa ne."

Ban zauna ba. A ƙarshen ɗakin ga maɓallin wallafawa, faɗinsa kamar faifai, launinsa toka-toka. Na danna, na daka da gwiwar hannu, na hau kansa na yi tsalle. Wani bunsuru mai tabarau ya ɗago daga bayan tebur.

"Matsayinka?"

"Ni ne mai shagon."

"A wajenmu kai mai rubutu ne. Mai rubutu yana rubutawa, maigida ke wallafawa."

"Maigidan ya rasu!"

"Bai sanar da mu ba."

"Ya za a yi mamaci ya sanar da ku?"

"Sai ya shigo da kansa ya cire kansa. Allah ya jiƙansa. Na gaba."

Na bi matakala ina sauka har na isa saman bene. Ɗaki ɗaya ne, ƙofarsa a buɗe. Yaya Tukur yana tsugune gaban kujerar nan da ya bari bai gama ba, fensir a bayan kunne, yana shafa mata fenti. Na so in rungume shi, amma haushi ya riga ni.

"Yaya, sau nawa na ce ka ba ni mabuɗin shafin nan?"

"Ranar da na ba ka, ka sa hoton gado a kife."

"Sau ɗaya ne!"

Ya yi dariyar nan tasa mai tari a ƙarshe. Ya zaro mabuɗin daga aljihu ya ɗora mini a tafin hannu, sai maɓallin ya taso ta tsakar ɗakin, ya zama kore shar. Na kai yatsa.

"Ka tabbata?" in ji shi.

"Haba Yaya, har da kai?"

"Haka tsarin yake, sai an tambaya." Ya goge hannu a wando. "Nan kaɗai ya rage ake kiran sunana ana sa ran in amsa. Amma danna, Sallau. Balaraba ke ɗaukar wayar, ba ni ba."

Yatsana yana saman maɓallin. Kewarsa ta kama ni, na ce bari in ƙara kallonsa kaɗan, ai maɓallin ba gudu zai yi ba. Ya koma kan fentinsa, ni kuma ina tsaye ina kallon ƙeyarsa.

Zabuwar ta leƙo.

"Ka daɗe ba ka taɓa komai ba. An fitar da kai. Kalmar sirri."

Ƙarar waya ce ta tashe ni, ta cikin bango, daga ɗakin Balaraba. Gari ya waye. Wayar ta yi ta ƙara kafin a ɗauka. Na ji ta amsa sallama, ta yi shiru tana saurare, sannan ta ce, "Ba ya nan." Ta sake saurarawa.

"A'a," ta ce, "ba fita ya yi ba."